Me ya sa kwamfuta ke gano 'yan shekara 150 a rajistar gwamnati?

A watan Fabrairun 2025, attajirin nan Elon Musk, wanda a lokacin yake jagorantar shirin rage kashe kuɗin gwamnatin Amurka, ya wallafa wani ɗan gajeren jadawali a shafinsa na X. Gurbi biyu ne kacal a cikinsa. Na hagu ya jera rukunan shekaru goma-goma, na dama kuma ya nuna yawan mutanen da ke kowane rukuni a rumbun bayanan hukumar SSA, wadda ke biyan fansho da tallafin tsofaffi da naƙasassu a ƙasar.

Jadawalin ya nuna cewa akwai fiye da mutum miliyan 20 da suka kai shekara 100 ko suka haura, waɗanda kuma babu alamar mutuwa a gaban sunayensu. Miliyoyi daga cikinsu sun wuce shekara 130. Akwai ma mutum guda a rukunin 'yan shekara 360, wato an haife shi sama da ƙarni ɗaya kafin a kafa Amurkar kanta. Makonni kaɗan bayan haka, Shugaba Donald Trump ya karanto waɗannan alƙaluma a gaban majalisar dokokin ƙasar, yana mai nuni da cewa ana kwasar dukiyar jama'a da sunan matattu.

Ƙidayar jama'ar Amurka ta 2020 ta samu kimanin mutum 80,000 ne kawai da suka kai shekara 100. Mutumin da aka tabbatar ya fi kowa daɗewa a duniya kuwa ita ce Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Duk da haka, kwamfutar ba ta yi kuskuren lissafi ba. An yi mata tambaya, ta kuma ba da amsar da ta dace da tambayar daidai wa daida. Irin wannan tambaya ce ake rubutawa kullum a asibitoci da bankuna da ma'aikatun ilimi da hukumomin zaɓe, duk lokacin da wani shugaba ya ce a kawo masa rahoton "mutum nawa muke da su a kowane rukunin shekaru". Rubuta ta ba ya cin minti goma. Sanin abin da amsarta ke nufi shi ne aikin.

Umarnin da bai fi layi goma sha ɗaya ba

Mafi yawan manyan rumbunan bayanai na duniya suna ajiye abubuwa ne a jadawali. Kowane layi yana wakiltar abu guda, misali majinyaci ɗaya, kowane gurbi kuma yana ɗauke da sifa guda, kamar suna ko jinsi ko ranar haihuwa. Wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM, Edgar Codd, shi ne ya shimfiɗa tushen wannan tsari a 1970. A 1974 wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi, wanda yau aka sani da SQL. Ya haura shekara 50, amma har yanzu shi ne ke bayan akasarin alƙaluman da muke ji a labarai.

A ce wani asibiti yana da jadawali mai suna majinyata, kuma an riga an lissafa shekarun kowa. Ga yadda mai rubuta manhaja zai tambayi rumbun:

SELECT
  CASE
    WHEN shekaru < 5 THEN '0–4'
    WHEN shekaru < 15 THEN '5–14'
    WHEN shekaru < 50 THEN '15–49'
    WHEN shekaru < 65 THEN '50–64'
    ELSE '65 zuwa sama'
  END AS rukuni,
  COUNT(*) AS adadi
FROM majinyata
GROUP BY rukuni;

Ko wanda bai taɓa ganin SQL ba zai iya bin ma'anarsa. Sashen da ya fara da CASE kamar mai tsaron ƙofa ne da ke duba kowane mutum ya nuna masa ɗakin da zai shiga: idan bai kai biyar ba ga ɗakinsa, idan bai kai 15 ba ga nasa, haka har ƙarshe. Sharaɗin farko da ya dace da mutum shi ke ɗaukarsa, sauran ba a ƙara duba su. Kalmar ELSE tana nufin "duk wanda ya rage". GROUP BY yana tara mutanen kowane ɗaki wuri guda, COUNT kuma ya ƙirga su.

Wannan umarni zai yi aiki ba tare da ƙorafi ba a manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL, zai kuma fitar da jadawali mai kyan gani. Sai dai a cikinsa akwai aƙalla hukunci huɗu da aka yanke ba tare da an furta su ba, kuma kowannensu yana iya sauya labarin da rahoton zai bayar.

Wa ake ƙirgawa?

Hukunci na farko yana cikin kalmar FROM, wato jadawalin da aka zaɓa. A nan ne batun Amurka ya warware.

Rumbun da aka yi wa waccan tambaya, wanda ake kira Numident, rajista ce ta duk wanda aka taɓa ba lambar SSA tun daga 1936. Jerin waɗanda ake biya kuɗi wani kundi ne dabam. Miliyoyin mutane sun mutu tun kafin a fara aika labarin mutuwa ta kwamfuta, don haka gurbin ranar mutuwarsu ya zauna babu komai. Idan aka haɗa jimillar jadawalin na Musk ma, za a ga ta zarce yawan al'ummar Amurka da gomman miliyoyi, abin da ya isa ya sa mai lura ya dakata.

Batun kuma ba sabo ba ne. A watan Yulin 2023, ofishin babban mai binciken hukumar ya ba da rahoton cewa akwai mutum miliyan 18.9 da aka haifa a 1920 ko kafin nan waɗanda babu bayanin mutuwarsu a rajistar, kuma kimanin 44,000 ne kawai daga cikinsu ake biya. Tun 2015 hukumar take dakatar da biyan duk wanda takardunsa suka nuna ya kai shekara 115. Rajistar tana da datti, wannan gaskiya ne, kuma masu binciken sun daɗe suna neman a share ta. Amma "ba a rubuta ya mutu ba" da "yana raye yana karɓar kuɗi" maganganu ne biyu, kuma tambayar ta farkon kawai ta amsa.

Japan ta ga irin wannan a 2010, lokacin da ma'aikatar shari'ar ƙasar ta gano sunayen fiye da mutum 230,000 da suka haura shekara 100 a kundin rajistar iyali, waɗanda ba a san inda suke ba. Da yawansu sun mutu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ko kuma sun yi hijira, ba a kuma goge su ba.

A asibiti matsalar tana zuwa da wata fuska. Shin layi ɗaya mutum ɗaya ne, ko zuwa ɗaya? Dattijo mai ciwon suga da hawan jini yana iya zuwa asibiti sau goma sha biyu a shekara, saurayi mai ƙarfi kuwa sau ɗaya. Idan jadawalin na ziyara ne aka ƙirga layukansa, rahoton zai nuna tsofaffi sun ninka ainihin yawansu. SQL yana da maganin haka, wato kalmar DISTINCT, wadda ke sa a ƙirga kowace lambar kati sau ɗaya. To amma idan majinyaci ya ɓatar da katinsa aka buɗe masa sabo, kwamfuta za ta ɗauke shi mutum biyu ne, babu kuma umarnin da zai hana ta.

Shekara nawa, a wace rana?

Misalin da ke sama ya ɗauka cewa an riga an san shekarun kowa. Rumbun da aka tsara da kyau ba ya ajiye shekaru, domin suna tsufa kamar mai su. Ranar haihuwa yake ajiyewa, sai a lissafa shekarun a lokacin da ake bukata. Lissafin kuwa ya fi yadda ake zato wuya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebe shekarar haihuwa daga shekarar da ake ciki. Yarinyar da aka haifa a Disambar 2007, idan aka yi lissafin a Janairun 2025, za ta fito da shekara 18, alhali ba ta daɗe da cika 17 ba. A manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft akwai wani umarni mai suna DATEDIFF da masu koyo ke yawan faɗawa tarkonsa, domin shi yana ƙirga sau nawa aka tsallaka sabuwar shekara ne. Jaririn da aka haifa ran 31 ga Disamba, a wurinsa ya shekara ɗaya washegari. Wasu kuma sukan ƙirga kwanaki su raba da 365, su manta da shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29, sai mutum ya cika shekara kwanaki kaɗan kafin ranarsa. Kuskuren ƙarami ne ga mutum guda. A rajistar mutum miliyan goma kuwa, dubbai ne za su tsallaka iyaka kafin lokacinsu, kuma idan iyakar ta shekarun zaɓe ce ko ta ritaya, maganar ta zama ta doka.

Sai kuma tambayar da aka fi mantawa da ita: shekarunsa a wace rana? Idan ana rubuta rahoton masu cutar ƙyanda na bara, abin da ake so shi ne shekarun yaro a ranar da ya kamu. Idan aka yi amfani da ranar da ake rubuta rahoton, jaririn da ya kwanta yana da wata takwas zai fito a rukunin 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Mafi muni, duk lokacin da aka sake gudanar da tambayar za a samu sabuwar amsa, domin mutanen suna ta girma a cikin kwamfutar, har da waɗanda suka mutu. Wannan ne ya sa hukumomin ƙidaya ke tsayar da dare ɗaya su ce duk lissafi a kansa za a yi. A ƙidayar Ghana ta 2021, daren 27 ga Yuni ne.

Kalanda ma tana da nata tasiri. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka wanda ya cika shekara 60 a lissafin Hijira yana da 58 da 'yan watanni a na Miladiyya. Duk wanda ke haɗa bayanan da suka fito daga Saudiyya da na wata ƙasa sai ya fara tantance da wace kalanda aka rubuta ranakun. Koriya ta Kudu kuwa ta daɗe tana da al'adar ɗaukar jariri a matsayin ɗan shekara ɗaya tun ranar haihuwa, a kuma ƙara wa kowa shekara ran 1 ga Janairu. Sai a watan Yunin 2023 ne doka ta mayar da ƙasar kan lissafin da sauran duniya ke bi a mafi yawan harkokin hukuma.

Gurbin da aka bari babu komai

A koma ga umarnin nan na sama, a tambayi kai: ina majinyacin da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba zai faɗa?

A SQL, gurbin da ba a cike ba ana kiransa NULL, ma'anarsa "ba a sani ba". Idan aka tambayi kwamfuta ko abin da ba a sani ba ya gaza biyar, ba za ta ce e ba, ba za ta ce a'a ba. Za ta wuce zuwa sharaɗi na gaba, da na gaba, har ta iso ELSE, inda aka ce a zuba duk wanda ya rage. Ta haka ne jaririn da aka kawo cikin dare ana gaggawa, wanda ma'aikaciyar jinya ba ta samu sukunin cike masa takarda ba, zai wayi gari a rukunin 'yan 65 zuwa sama. Babu gargaɗin da zai fito. Jimillar ma za ta yi daidai.

Gyaran layi ɗaya ne: a sa sharaɗi a farko da ke cewa duk wanda gurbinsa babu komai a kai shi rukunin "ba a sani ba", a kuma buga wannan rukuni a cikin rahoton kowa ya gani. Masu rubuta rahoto da yawa ba sa son wannan layi domin yana tona asirin ofishinsu. A gaskiya shi ne layi mafi amfani a jadawalin. Rahoton da kashi 2 cikin 100 na mutanensa ba a san shekarunsu ba abin dogaro ne. Wanda kashi 30 ne, ko da an ƙawata shi da launuka, hasashe ne.

Akwai abin da ya fi gurbi marar komai haɗari, shi ne gurbin da aka cika da ƙarya don manhaja ta bari a wuce. Idan fom ya ƙi karɓar bayani sai an sa ranar haihuwa, ma'aikacin da ke da layin mutum hamsin a gabansa zai buga duk abin da ya zo hannunsa. Wasu manhajojin ma da kansu suke cikewa. SQL Server yana mayar da rubutu marar komai zuwa 1 ga Janairun 1900, wasu tsare-tsaren kuma suna fara lissafin lokaci daga 1 ga Janairun 1970. Don haka idan rahoton wani banki ya nuna ɗaruruwan abokan hulɗa masu shekara 125, ko kuma tarin mutane da duk aka haife su rana ɗaya a 1970, mai hankali ba ya fara da neman ɓarawo. Yana fara da duba fom ɗin.

Sifili da biyar

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya ɗauka cewa mutum ya san ranar haihuwarsa. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2024 cewa kimanin yara miliyan 150 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya ba a yi musu rajistar haihuwa ba, kuma fiye da rabinsu suna Afirka kudu da Sahara. Iyayensu da kakanninsu kuwa lamarin ya fi haka.

Idan malamin ƙidaya ya tambayi dattijuwa shekarunta, ba za ta ce 63 ba. Za ta ce sittin, ko ta ce "sai dai ka ƙiyasta, ɗana". Shi ma idan zai ƙiyasta, sittin ko sittin da biyar zai rubuta. Sakamakon haka, idan aka zana hoton shekarun al'umma ɗaya bayan ɗaya, sai a ga ya yi kama da haƙoran zarto: tsauni a 30, kwari a 31, tsauni a 35, babban tsauni a 40. Masana ƙididdigar jama'a suna auna wannan da ma'aunin da ke ɗauke da sunan George Whipple, wani Ba'amurke. Ana duba masu shekara 23 zuwa 62, a ga nawa ne shekarunsu suka ƙare da sifili ko biyar. Idan babu son kai ga waɗannan lambobi, ma'aunin zai ba da 100. Idan kowa ya zaɓe su, zai ba da 500. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar duk abin da ya kai 175 a matsayin bayani mai rauni ƙwarai. Don rage matsalar ne ake ba malaman ƙidaya jerin manyan abubuwan tarihi, su tambayi mutum ko ya yi wayo lokacin da Ghana ta samu 'yanci a 1957, ko Najeriya da Nijar a 1960, ko lokacin babban farin shekarun 1970.

Ga mai rubuta tambaya, wannan yana nufin cewa iyakar rukuni tana zaune ne a kan tsauni. Idan aka ce "har zuwa 60" maimakon "ƙasa da 60", an kwashe tsaunin 60 baki ɗaya daga wannan rukuni zuwa wancan, kuma a ƙasar da ake yawan ƙiyasi wannan tsauni yana iya fin shekaru uku ko huɗu da ke kewaye da shi. Alama ɗaya ce a madannin kwamfuta.

A nan ne kuma kuskuren jera rukunai kamar 0–5, 5–10, 10–15 ke yin ɓarna. Ɗan shekara biyar na wane rukuni ne? Kalmar BETWEEN ta SQL tana haɗawa da iyakokin biyu, don haka idan aka ƙirga kowane rukuni dabam, za a ƙirga shi sau biyu. Wannan ne dalilin da ya sa rahotannin ƙasa da ƙasa suke rubuta 0–4, 5–9, 10–14.

Inda takarda ta tilasta a sa rana da wata, sai hukuma ta ƙirƙira. A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, irin su Nijar da Chadi, tsofaffin takardu da yawa suna cewa ne kawai an haifi mutum "wajajen" shekara kaza, kuma idan aka zo shigar da su kwamfuta sukan koma 1 ga Janairu, wani lokaci 31 ga Disamba. 'Yan gudun hijira masu yawa da suka isa Turai da Amurka suna ɗauke da 1 ga Janairu a takardunsu saboda wannan dalili. A Saudiyya kuwa 1 ga Rajab ce ranar da aka riƙa ba waɗanda ba a san ranar haihuwarsu ba. Rahoton da aka fitar ran 31 ga Disamba da wanda aka fitar ran 2 ga Janairu suna iya bambanta sosai a irin wannan al'umma, ba tare da an haifi kowa ko an binne kowa ba.

Inda aka ja layi

Rukunan shekaru ba daga sama suka faɗo ba. Kowanne yana da aikin da aka yanka shi dominsa.

A shirin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 kuma ake gudanarwa a ƙasashen Sahel ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da arewacin Kamaru da na Ghana, ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani kowane wata. Ƙunshin iri biyu ne: na 'yan wata 3 zuwa 11, da na 'yan wata 12 zuwa 59, wanda ƙarfinsa ya ninka na farko. Haka ma sinadarin bitamin A: shuɗin ƙwanso na 'yan wata 6 zuwa 11 ne, ja kuma na 'yan wata 12 zuwa 59. Ana odar waɗannan kaya ne bisa ƙiyasin yawan yaran kowane rukuni. Rahoton da ya dunƙule su duka a "0–4" bai gaya wa mai kula da ma'ajiyar magani komai ba, wanda kuma ya karkatar da iyakar yana iya sa ƙunshin jarirai ya ƙare a wata gunduma tun damina ba ta yi nisa ba. Ga yara ƙanana, da watanni ake lissafi.

Kalmar "matasa" ma haka take. Majalisar Ɗinkin Duniya tana nufin 'yan shekara 15 zuwa 24. Yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta ce 15 zuwa 35, kuma Ghana ita take bi. Manufar matasa ta Najeriya ta 2019 ta tsaya a 15 zuwa 29. Alƙaluman rashin aikin yi na "matasa" daga waɗannan wurare uku ba sa kwatantuwa, ko da kanun labaransu iri ɗaya ne.

Rukunin da ya yi faɗi da yawa kuwa yana iya juya gaskiya ta koma kishiyarta. A ƙarshen 2021, wani hoto ya bazu a shafukan sada zumunta, wanda aka zana daga alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya, ONS. Ya nuna cewa a Ingila, a cikin 'yan shekara 10 zuwa 59, waɗanda suka yi rigakafin korona suna mutuwa kusan ninki biyu na waɗanda ba su yi ba. Alƙaluman na gaske ne. Sai dai an fara rigakafin ne daga manya, saboda haka waɗanda suka yi a wannan rukuni akasarinsu 'yan arba'in da hamsin ne, waɗanda ba su yi ba kuma yara da samari suka fi yawa a cikinsu. Ɗan shekara 55 ya fi ɗan 15 yiwuwar mutuwa nesa ba kusa ba, da allura ko babu. Abin da hoton ya auna shi ne bambancin shekaru. Daga baya hukumar ta riƙa fitar da alƙaluman a ƙananan rukunai.

Rukunin da ya yi ƙanƙanta shi ma yana da nasa haɗari, amma na sirri. Idan rahoton wata ƙaramar unguwa ya ce mace ɗaya ce mai shekara 90 zuwa 94 ke ɗauke da wata cuta, maƙwabta sun san ko wace ce. Dokar kare bayanan lafiya ta Amurka, HIPAA, ta tanadi cewa a ɗaya daga cikin hanyoyin ɓoye sunan majinyata, duk wanda ya haura 89 a haɗa shi a rukuni guda na 90 zuwa sama. Hukumomi da dama kuma ba sa buga adadin da ya yi ƙasa da wata iyaka, sai su sa alama a madadinsa.

Bayan an gama ƙirga

Ko tambayar ta fita lafiya, akwai sauran ƙananan ramuka tsakanin rumbu da takardar da minista zai karanta. GROUP BY ba ya nuna rukunin da babu kowa a cikinsa. Idan a wannan wata babu jariri ko ɗaya da aka yi wa allura a wani asibiti, layin zai ɓace ne gaba ɗaya maimakon ya nuna sifili, alhali wannan sifilin shi ne labarin. Ƙwararru sukan ajiye rukunan a wani ƙaramin jadawali na dabam, mai ɗauke da suna da iyakar ƙasa da ta sama da lambar jeri, sai su haɗa shi da bayanan ta yadda kowane rukuni zai fito ko da babu kowa. Lambar jerin tana hana wani abin ban dariya: kwamfuta tana jera rubutu harafi bayan harafi, don haka takan sa 10–14 a gaban 5–9. Idan kuma aka buɗe sakamakon a Excel ba tare da kula ba, manhajar tana iya ɗaukar 5-9 a matsayin kwanan wata, ta mayar da shi 9 ga Mayu ko 5 ga Satumba.

Wannan ƙaramin jadawali yana da wani amfani da ya fi haka. Idan kowane ma'aikaci ya rubuta nasa iyakokin a cikin tambayarsa, ofishi ɗaya zai wayi gari da rahotanni uku masu amsa uku. Idan iyakokin suna wuri guda, gyara ɗaya ya ishi kowa.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa. Ma'aikatun lafiya na fiye da ƙasashe 70, ciki har da Najeriya da Ghana da Nijar, suna amfani da manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa. A tsarin rahoton wata-wata da aka fi sani, ma'aikacin asibitin ƙauye yana ƙirga majinyata daga littafin rajista, ya cike akwatunan fom, misali 'yan ƙasa da biyar da 'yan biyar zuwa sama, sai jimillar ce kawai ke tafiya gunduma da jiha da babban birni. Idan bayan shekara uku aka buƙaci sanin 'yan mata nawa ne masu shekara 10 zuwa 14 a cikinsu, babu umarnin SQL da zai iya fitar da su, domin an riga an narkar da su a cikin jimilla. Ana iya haɗa ƙananan rukunai su zama babba, amma ba a raba babba ya koma ƙanana. Hanyar da ta rage ita ce a koma asibitin, a nemo littattafan rajistar waccan shekara in har suna nan, a zauna a sake ƙirga su da hannu, layi bayan layi.